Zobe a Cikin Kaɗe

Ranar Laraba tun da hantsi aka ɗauke wuta, kekunan ɗinki na lantarki suka yi tsit. A shagon ɗinkin Hajja da ke bakin kasuwar Kontagora, in wuta ta tafi to baki ne ke karɓar aiki. Mu uku ne masu ɗinki a wurinta: ni Rachel, sai Bashira da Salihatu. Ina zaune ina farke hannun wata riga da na haɗa a baibai, raina dama ba daɗi, sai Bashira ta fara.

"Ku kun kalli sabon fim ɗin Hadiyya kuwa? Jiya na je aka tura mini. Wallahi yarinyar nan ta gama da kowa."

"Ni manomin nan ne bai yi mini ba," in ji Salihatu. "Mutum an ce masa gonarsa ta ƙone, ya tsaya yana gyara hula. Kuma kukan uwar nan, kamar ana yi mata cakulkuli."

"Bar ta uwar. Ni Hadiyya nake faɗa miki."

Na ajiye rigar. Fim ɗin nan wata takwas ina jiransa, kuma su ma sun sani. Lokacin da 'yan fim suka zo Kontagora ɗaukarsa, a shagonmu aka rage wa Hadiyya riguna biyu. Daraktan, wani siriri mai gilashi, mai yawan duba agogo, ya tambaya ko mun san wata mata da ta iya man kaɗe na gaske, domin a labarin Hadiyya marainiya ce 'yar ƙauye mai suna Ruka, da man kaɗe take riƙe ƙannenta. Ni da bakina, babu wanda ya tambaye ni musamman, na miƙe na ce duk ƙasar Salka babu kamar mahaifiyata, Fure. Na ba shi lambar waya, na kwatanta masa gida. Suka je suka wuni suna ɗaukarta.

"To kun ga Mama?" na tambaya.

Bashira ta kalli Salihatu. Sun san Mama sarai, don duk zuwanta Kontagora sai ta kawo wa Hajja ƙoƙon mai.

"Gaskiya ni ban gan ta ba. Wataƙila lokacin da na tashi sauke tukunya ne ta wuce. Amma ke, zo ki ga inda Hadiyya ke bugun kaɗe. Wai an ce wata uku ta yi a ƙauye tana koyo. Wannan shi ake kira jaruma, ba waɗannan masu shafa hoda su kwanta barci ba."

Wata uku! Wuni ɗaya ta yi a Salka, rabinsa ma a cikin mota da sanyin iyakwandishan. Na karɓi wayar.

Aka nuno Hadiyya ta durƙusa gaban daro, fuska a marairaice, an ɗiga mata ruwa a goshi wai gumi. Sai kyamara ta sauka ƙasa, aka nuno hannuwa biyu kawai cikin ƙullun kaɗe. Suka fara a hankali, suna tattarowa daga gefe, suna ninkewa. Hannun hagu ya ɗebo ruwa ya yayyafa, na dama bai tsaya ba. Bugun ya yi sauri, tas tas tas, ƙullun da ke ruwan ƙasa ya fara haske, har farin mai ya fara tasowa. Ƙaramin yatsan hannun daman a lanƙwashe yake, ba ya miƙewa. Taɓarya ce ta danne shi tun mai shi tana yarinya. Yatsan nan ya sha jan kunnena, ko a mafarki na gan shi zan gane shi.

"Hannun Mama ne wannan," na ce.

Bashira ta fashe da dariya. "Haba Rachel."

"Na ce miki hannun uwata ne! Wannan mai kukan ƙaryar ko wanke daro ba ta iya ba. Ki duba da kyau, duk inda aka nuno fuskarta ba a nuno hannu, inda aka nuno hannu ba a nuno fuska. Yanka suka yi suka haɗa, yadda muke haɗa hannun riga da jiki."

"To ai ga lallenta nan, iri ɗaya da wanda take da shi tun farkon fim," in ji Salihatu. "Ga zobenta mai jan dutse. Mamanki na yin lalle ne? Tana sa zobe?"

Na sake dubawa. Da farko yatsan kawai na gani. Yanzu na ga sauran. Jan lalle ne sabo fil har wuyan hannu, ga zobe a yatsan tsakiya yana nutsewa cikin ƙullu yana fitowa.

Hajja, wadda ke yanka a kan tebur, ta ɗago. "Ku bar yarinyar nan. Kowa ya san hannun uwarsa." Ta ci gaba da yankanta.

Sai in yi muku bayani, domin mutumin Kontagora da ke sayen mai a ƙoƙo ba zai ga abin tashin hankali a nan ba. Mama ce shugabar ƙungiyar mata masu man kaɗe ta unguwarmu a Salka, shekara goma sha ɗaya ke nan. Doka ɗaya ta kafa, kuma a kanta take tsaye kamar soja: ba a sa hannu a kaɗe da zobe, ko warwaro, ko lalle, ko jan farce. Man nan a abinci ake sa shi, a shafa wa jariri a cibiya. Ƙarƙashin zobe datti ke maƙalewa, lalle kuma yana sakin launi da wari. Wadda aka kama, ba ta taɓa daro ranar, kuma in an gama ita za ta wanke kayan aikin kowa, daro da tukunya da ludayi, a gaban jama'a. Ina shekara goma sha biyu na shafa jan farcen wata ƙawata na zo na tsoma yatsa ɗaya. Wannan ranar har yau ban manta ba. Bara kuma Mercy, sabuwar amaryar ɗan Mama Tabita maƙwabciyarmu, ta ƙi cire zoben aurenta, ta juya shi ciki tana ɓoyewa. Mama ta kama hannunta ta ɗaga sama kowa ya gani. Mercy ta wanke kaya tana kuka, Mama Tabita kuma ta yi wata biyu ba ta amsa gaisuwar Mama da kyau.

Wannan matar ce aka nuna wa duniya tana bugun kaɗe da lalle da zobe.

Na sa Bashira ta tura mini fim ɗin. Da muka tashi daga aiki na zauna a ɗakina na kalle shi tun daga farko, awa biyu da kwata, ban tashi ko shan ruwa ba. Na ga Hadiyya ta yi kuka sau tara, na ƙirga. Na ga mawaƙa sun fito daga bayan bishiya cikin kaya iri ɗaya suna rawa a gonar da aka ce ta ƙone. Na ga wani ɗan wasa mai tumbi da aka ce manomi ne, ya riƙe fartanya kamar yana tsoron ta cije shi. Fuskar Mama ko sau ɗaya ban gani ba. Na tsaya har sunayen ƙarshe, ina dakatarwa ina karantawa. Akwai sunan direba, akwai sunan mai dafa abinci, akwai sunan mai riƙe wa Hadiyya lema. Can ƙasa aka rubuta "godiya ga mutanen ƙauye". Wane ƙauye? Salka ce ƙauyen da ba ta da suna? Na ji kamar in buga wayar da bango, sai na tuna tawa ce.

Na nemi lambar daraktan na kira. Sau huɗu tana shiga ba a ɗauka. A na biyar wata murya ta ce Oga na wurin ɗaukar wani fim, wa za a ce? Na ce a ce masa 'yar matar da ya yanke wa kai ya bar hannu. Aka kashe.

Washegari da safe Mama ta kira ni. Da yarenmu, Kambarci, muke magana ni da ita, amma in tana cikin farin ciki sai ta riƙa jefa Hausa, don ta ji kanta 'yar birni.

"Rachel, an ce ya fito! Mercy ta ji a kasuwa. Kin gani?"

"Na gani, Mama. Fim ɗin bai yi wani kyau ba. Duk kuka ne."

"Ina ruwana da kukansu? Na fito da kyau? Zanen nan shuɗi na ɗaura, wanda kika ɗinka mini. Sun zaunar da ni a kan turmi na yi wa yarinyar bayani tun daga tsintar ƙwara har zuwa tacewa. Sau uku suka sa na maimaita, mai gilashin nan har tafa mini ya yi."

"Mama, wayata na ba ni matsala kwanan nan..."

"To bari, sai Mercy ta je wurin masu tura fim a kasuwa ta karɓo. Na riga na gaya wa matan zumunta na coci, ran Lahadi bayan sujada a gidan Tabita, su ke da talabijin mai sola. Har na jiƙa gero na kunu."

Mercy! Duk duniya a rasa wadda za ta fara ganin zoben nan sai Mercy.

"A'a, ki bar ta. Ni zan kawo."

Kwana uku ina juya abin. In na tsallake wurin bugun, Mama ba ta cikin fim ɗin ke nan gaba ɗaya, matar da ta yi wata takwas tana ba da labari. In na bar shi, ga lalle ga zobe. Kuma ni na jawo, ni da shegen bakina. A shago kuwa hira ba ta tsaya ba. Duk wadda ta kawo ɗinki sai Bashira ta nuna mata wurin, a yi ta "kai, Hadiyya ƙarshe ce", ni ina taka keke kamar zan ɓalla shi. Wata Hajiya mai ƙamshin turare har cewa ta yi ai dama aikin kaɗe ba wani abu ba ne, in ka ga 'yar gayu irin Hadiyya ta koya cikin ɗan lokaci. Allah ne ya taimake ta ba ni na auna ta ba.

Ran Lahadi na shiga motar farko. Kafin direba ya gama tsaye-tsayensa da lodin buhunan da ba su ƙarewa, na isa Salka an kusa tashi daga coci. Na tarar da Mama a gida ta riga kowa dawowa, tana juye kunu a bokiti. Ta ɗaura shuɗin zanen nan. Na durƙusa na gaishe ta, na sha ruwa, sannan na ce:

"Mama, ranar nan lalle suka yi miki?"

Ludayin ya tsaya a hannunta. Ta kalli ƙofa, ta rage murya.

"Ya fito ne sosai?"

"Har da zobe."

Ta zauna a bakin turmi. "Yarinyar ce ta kasa. Na nuna mata, na kama hannunta na juya, tana sa yatsa biyu sai ta ce yana mata ƙyama. Rana na tafiya. Sai mai gilashin ya ce ni in buga, za su ɗauki hannuna kawai a ce nata ne. Na ce to. Sai suka ce dole hannun ya zama irin nata. Na ce ba a yi. Ya ce Mama, wa zai sani? Kowa zai ɗauka na yarinyar ne, ke naki shi ne inda kike zaune kina koyarwa, da fuskarki, duniya ta san ki. Wata ta zo da robar lalle irin na zamani mai kamawa nan take." Ta juya tafin hannunta tana kallo, kamar har yanzu yana nan. "Sati uku ban je wurin bugu ba. Na ce bayana ke ciwo, na zauna a ɗaki da tsumma a hannu. Babanki kaɗai ya sani."

"Man da kika buga ranar fa?"

"Na haƙa rami bayan rumbu na zuba. Kina ganin zan ba ɗan wani ya ci?" Ta miƙe ta gyara ɗaurin zane. "Ba komai. Wurin zai wuce da sauri. In suka ga fuskata ina bayani, wa zai tsaya duba hannun yarinya?"

Nan ya kamata in gaya mata. Na buɗe baki, na kalli zanen da ta goge har ya yi kaifi, na kasa. Na ɗauki bokitin kunu na bi bayanta.

Falon Mama Tabita ya cika har baranda. Mata sun fi ashirin, kowa da kayan coci, an rufe labule saboda hasken rana. Aka ba Mama kujera a gaba. Mercy, da jaririnta a baya, ita ta haɗa wayata da talabijin.

In kuna jin 'yan shagonmu na da baki, to ba ku kalli fim da matan Salka ba. Tun fitowar Hadiyya ta farko suka fara.

"Wannan ce marainiyar? Da wannan kumatun?"

"Ku dubi tafiyarta. Da wannan tafiyar za ta kai daji ta dawo?"

"Rana ta take tsaka za ta je tsintar kaɗe. Ai tun da asuba masu tsinta sun kwashe, sai dai ta tsinci kashin awaki."

Sai aka nuno Hadiyya ta isa gindin bishiya, ta yi tsalle ta kamo reshe, ta fara tsinko 'ya'yan kaɗe tana jefawa a kwando. Falon ya ɗauki ihu. Wata tsohuwa har miƙewa ta yi tana nuna talabijin da sanda.

"Ke! Sauke hannunki! Wa ya ce miki ana tsinkar kaɗe? Sai ya faɗo da kansa!"

"Fure, ke ba ki gaya musu ba?" in ji Mama Tabita.

"Ba a gabana aka yi wannan ba," Mama ta ce tana dariya. "Ku jira dai, saura kaɗan ku gan ni."

Ni kaɗai ban yi dariya ba. Ina zaune a ƙasa kusa da wayar, yatsana a kanta. Aka nuno bayan gidanmu, ga rumbunmu, ga turmin da Mama ta ce a kansa ta zauna. Turmin babu kowa.

"Ga gidan Fure! Ga rumbun Na'Allah!" Na'Allah mahaifina ne, kuma duk unguwa an san rumbunsa da ya karkace.

Mama ta gyara zama, ta miƙe wuya.

Hadiyya ta durƙusa gaban daro. Ban tsallake ba. Har yau ban san ko tsoro ne ko fushi ya hana ni ba. Kyamara ta sauka, hannuwa suka cika talabijin, manya-manya, sun fi yadda na gan su a waya sau goma. Lallen ja wur. Zoben na ƙyalli.

Da farko tsaki aka fara. "Ku ga ƙazanta, da lalle!" "Har da zobe, Allah ya kiyaye." Sai hannun hagu ya ɗebo ruwa ya yayyafa, na dama ya shiga bugu, tas tas tas. Surutun ya ragu. Ya ragu har ya mutu. Matan nan shekara da shekaru suna durƙuso gefe da gefe da hannun nan. Babu abin da ake ji sai ƙarar bugun da tsotson jaririn Mercy.

Farin mai ya taso. Aka koma fuskar Hadiyya tana share gumin ƙarya, daga nan aka yanka zuwa kasuwa, wani saurayi mai mota na yi mata murmushi. Shi ke nan. Na ga Mama ta ɗan ƙara miƙe wuya tana jira, ta jira, saurayin ya yi ta zuba. Sannan ta juyo ta kalle ni. Na sunkuyar da kai, nan ta gane.

"Rachel, tsayar da shi," in ji Mama Tabita. Na tsayar. "Mayar baya kaɗan. Yauwa, nan." Hannun ya tsaya cak a talabijin, ƙaramin yatsa a lanƙwashe, zobe a na tsakiya. "Ni dai kamar na san hannun nan."

Ba wadda ta kalli Mama. Kowa ya sami abin kallo, wata ƙasa, wata kofin kunu. Mercy kaɗai ta zuba wa zoben ido.

Sai na ji muryata, da ƙarfi, da fara'a irin ta Bashira:

"Ai hannun Hadiyya ne, Mama Tabita. Duk Kontagora maganar da ake yi ke nan. Wata uku ta yi tana koyo. Ba ku ga lallenta ba, iri ɗaya da na farkon fim? Yatsan ma kwaikwayo ne, 'yan fim babu abin da ba su iya ba."

Kwana huɗu ina faɗa da mutane a kan maganar nan, ga shi na faɗe ta da bakina, har da ƙari. Kuma ta kusa shiga. Na ga wasu sun fara gyaɗa kai, ba don sun yarda ba, don dai an buɗe musu ƙofar da kowa zai fita ba kunya. Mama Tabita ma ta ce, "To, ko da na ji," ta kai kofi baki.

"Ƙarya take yi."

Mama ce. Ba ta ɗaga murya ba. Ta miƙe, ta taka har gaban talabijin, ta ɗora hannunta na dama a jikin gilashin, kusa da wancan.

"Nawa ne. Wace 'yar fim ce za ta tada kaɗe haka? Yarinyar da ko yatsa uku ba ta iya sawa a daro ba?" Ta juyo gare ni, idonta ya yi ja. "Sun cire mini fuska, ban ce komai ba, ba su san ni ba. Ke da na haifa, hannun ma za ki ɗauka ki ba ta?"

Kunya ta rufe ni tun daga kai har ƙafa.

"Lallen nawa ne, zoben ma ni na sa," ta ci gaba, yanzu da matan take. "Sun ce mini ba wanda zai sani, ni kuma na so a ga fuskata. Ciwon bayan da na ce muku ina yi bara, ƙarya ne, lalle nake jira ya goge. Man ranar yana cikin rami bayan rumbu, ba wanda ya ci." Ta nemo Mercy da ido. "Mercy, yaushe ne bugu na gaba?"

"Ran Talata, Mama."

"To ran Talata ba zan taɓa daro ba. In kun gama ku tara mini kaya. Naki za ki fara miƙo mini."

"Haba Mama, ai ya wuce, wata nawa..."

"Naki ya wuce ne da na sa kika wanke?"

Mama Tabita ta ajiye kofinta, ta kalli Mama, sannan ta ce, "Tukunyata babba ce, Fure. Ki zo da toka mai yawa."

Wata ta yi 'yar dariya, wata ta tsawata mata. Mama ta koma kujerarta ta zauna, ta gyara shuɗin zanen da babu wanda zai gani a fim. Na matsa in ci gaba da kunnawa, saurayi mai mota na nan yana jira da murmushinsa.

"Wa ya ce ki wuce?" ta ce, ba ta ko kalle ni ba. "Ina ruwanmu da wannan? Mayar da shi farkon bugun."

Na mayar. Hannuwan suka sake shiga daro.

"Ku duba nan," ta ce, tana nuni da lanƙwasasshen yatsan. "Ku 'yan yara masu zuba ruwa kamar kuna wanka. Kun ga yawan abin da na ɗebo? Rachel, sake mayarwa, Mercy ba ta gani ba."

Sau shida na mayar. Ba mu ƙarasa fim ɗin ba ranar, kuma babu wadda ta tambayi ko Ruka ta auri mai motar.

Ran Litinin ban koma Kontagora ba. Na kira Hajja na ce sai Laraba, ta ce lafiya? Na ce lafiya, aiki ne a gida. Ran Talata da yamma, da aka gama bugu, mata suka jibge kaya a gaban Mama, Mercy ta fara miƙo nata da hannu biyu. Na naɗe zane na durƙusa kusa da ita, na kai hannu zan ja daro ɗaya. Ta buge mini hannu.

"Ba ke kika sa zobe ba," ta ce. "Je ki ɗebo ruwa."